Maigida ya ɓamɓare hotunan 'yan ƙwallo a ɗakin ɗana, yaron ya ƙi kwana ciki

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce, muna zaune a gidan haya a Sabon Gari nan Zinder. Babban ɗana shekararsa goma, ƙanensa shida. Bayan salla babansu ya ce lokaci ya yi da za su bar ɗakina, sai aka share musu ƙaramin ɗakin da muke ajiye tarkace. Babban ba shi da zance sai na ƙwallo. Don in lallashe shi ya yarda da ɗakin, na yi masa alkawarin za mu ƙawata shi da kayan ƙwallo. Ya kwashe kuɗin barka da sallarsa ya sayo manyan hotunan 'yan wasa, ya manna a bango. Da babansu ya gani sai ya ɓamɓare su duka, ya ce ba a kwana da hotuna a gidansa. Tun ranar yaron ya daina walwala, dare na yi sai ya jawo tabarmarsa ƙofar ɗakina. Ina da jika ashirin da biyar da na kwasa a adashi. Ba na son saɓa wa maigida, ba na kuma son ɗana ya ɗauke ni mai karya alkawari. Yaya zan yi?

Wata uwa, Zinder

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya sa ki ci moriyarsu.

Kada ki tsaya wa hotunan nan. Na san zuciyarki na wajen yaron, tawa ma haka, amma in kika mai da zancen ya zama na a mayar da hotuna ko kada a mayar, kin shiga rigimar da ko kin ci ta ba ki ci riba ba. Maganar maigidanki tana da tushe. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare ko hoto yana cikin Bukhari da Muslim. Gaskiya ne malamai sun yi saɓani a kan hoton da aka ɗauka da na'ura, wasu na ganin hukuncinsa daban da na sassaƙe ko zanen hannu, amma mutumin da ya zaɓi ya kiyaye a cikin gidansa ba a ce masa ya yi laifi. Inda ya yi gaggawa shi ne yadda ya cire su. Abin da yaro ya saya da kuɗin da ya tara, dala bisa dala, daga hannun kawunnai da gwaggwanni, ba a raba shi da shi ba tare da an zaunar da shi an yi masa bayani ba. Abin da ke cin yaronki ke nan, ya fi rashin hotunan ciwo. An ce masa ga ɗakinka, ya yarda, ya sa hannu, sai aka nuna masa ashe ba nasa ba ne. Wannan raunin uban ne zai ɗinke shi, ke dai ki share masa hanya.

Akwai ƙofa a buɗe, kuma a cikin addinin take. Wani mai sana'ar zane ya je wajen Abdullahi ɗan Abbas ya ce da wannan sana'a yake ci. Da ya ji gargaɗin da ke kanta hankalinsa ya tashi, sai Ibn Abbas ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ya zana itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Filin ƙwallo ba shi da rai. Raga, ƙwallo, lamba, tuta, kofi, suna da aka rubuta, babu mai rai cikinsu. Mu da muke Damagaram ma bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Ki shiga Birni ki ɗaga kai ki dubi fuskokin tsofaffin gidaje da magina suka yi wa zayyana, ga dagi, ga zobba, ga layuka masu sarƙaƙiya, ba fuskar mutum ko ɗaya, amma baƙi daga nesa suke zuwa kallo.

To ki sami maigida a lokacin da ya ci ya huta, yara ba sa kusa. Kada ki fara da cewa ya ɓata wa yaro rai. Ki fara da cewa kin yarda ba za a sake manna hoton kowa ba. Daga nan ki tuna masa cewa shi ya ce a raba musu makwanci, kuma daidai ya yi, don umarni ne a raba wa yara shimfiɗa in sun kai shekara goma. Amma ga shi yaron ya koma kwana a ƙofar ɗakinki, wato abin da ya so bai tabbata ba. Abu biyu za ki roƙe shi. Ya kira yaron da kansa ya gaya masa dalili, ya kuma mayar masa da kwatankwacin kuɗin da ya kashe, ko da a fenti ne. Sannan ya ba da yammaci guda ya riƙe masa abin awo. Wannan na biyun ya fi na farko nauyi a wurina, za ki ga dalili.

Abin da nake so ya zama zuciyar ɗakin shi ne filin ƙwallo na katako, wanda yaron zai auna ya zana da hannunsa. Tunda gidan haya ne, kada a yi shi a jikin bango. Ki sa kafinta ya yanko miki faifan katako mara kauri, irin wanda ake rufe saman ɗaki da shi, ya goge gefunan don kada sartse ya shiga hannu. Cikakken filin da ake manyan wasanni a kai tsawonsa mita 105 ne, faɗinsa mita 68. In aka ɗauki kowace mita a matsayin santimita ɗaya, filinku zai zama santimita 105 da 68, sai katakon ya ɗan ɗara haka ta kowane gefe. A shafa masa kore, a bari ya bushe sarai, sannan a zauna awo da abin awon tela da fensir. Layin tsakiya ya raba shi biyu. Da'irar tsakiya, a kafa ƙaramar ƙusa a ɗaura mata zare mai tsawon santimita 9, a ɗaura fensir a ɗaya bakin a zagaya. Babban gidan gola ya shigo cikin fili da santimita 16 da rabi, faɗinsa 40. Ƙaramin ya shigo da 5 da rabi, faɗinsa 18. Ɗigon bugun fenareti yana santimita 11 daga layin raga, ita kuma ragar faɗinta 7 da ɗan ɗoriya, don ta gaskiya mita 7.32 ce. In an gama da fensir sai a bi da farin fenti da siririn buroshi.

Ki bar shi ya yi kuskure. Layi zai karkace, farin zai ɗiga a kan koren, zai ciji leɓe ya goge da bakin riga. Kada ki karɓe buroshin. Yaron da ke ajin CM1, wato aji biyar na firamare, ko kusa da nan ana koya masa awo da lissafin tsawo a lakol, ga shi yau lissafin ya zo masa a cikin abin da yake so, babansa kuma na durƙushe a gefe yana danne masa bakin zare da babban yatsa. Uban da ya ga ɗansa na raba 105 gida biyu don ya gano inda layin tsakiya zai faɗa, da wuya ya ci gaba da kallon ƙwallo a matsayin shiririta zalla. In ya bushe a rataye shi da ƙugiya biyu masu ƙarfi. Da rana a sauke shi ƙasa, marafen kwalba su zama 'yan wasa, goma sha ɗaya a shafa musu launi ɗaya, goma sha ɗaya wani launin, ƙwallon kuma ɗan maɓalli ko dunƙulen takarda. Sai dai in kina da mai rarrafe a gidan, marafen su zauna a gwangwani mai murfi, a sama.

A gefen filin ko a wani ɗan allo daban, a rubuta sunaye maimakon fuskoki. Nan ma aikin uba ne, domin shi ke da labarin. A watan Oktoba na 2010 Mena, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasarmu Nijar, ta doke Masar da ci ɗaya da nema a Yamai a wasan rukuni na neman gurbin gasar kofin Afirka, Moussa Maazou ne ya jefa ƙwallon, alhali Masar ɗin ita ke riƙe da kofin Afirka, ta ɗauke shi sau uku a jere, 2006, 2008 da 2010. Daga wannan rukuni Nijar ta fito ta je gasar kofin Afirka karo na farko a 2012, wadda aka yi a Gabon da Gini Ikwatoriya, ta sake zuwa a 2013 a Afirka ta Kudu. Ɗanki ba a haife shi ba a lokacin. Babansa kuwa, ko bai damu da ƙwallo ba, zai tuna inda yake ranar da gari ya ɗauki sowa. A rubuta da manyan baƙaƙe: Nijar 1, Masar 0, Yamai 2010. A ƙarƙashi a sa Issaka Daboré, da ya samo wa ƙasar nan lambar tagulla a dambe a wasannin Olamfik na Munik a 1972, da Abdoulrazak Issoufou Alfaga, da ya samo azurfa a takwando a Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017. Ban ce a hana shi rubuta sunan gwaninsa na Turai ba, ya rubuta, har da lambar rigarsa. Ina dai son yaron da ya haddace 'yan wasan Real Madrid tun daga gola har benci ya san cewa garinsu ma na da kulob ɗin Espoir, ƙasarsu kuma ta taɓa kayar da zakara.

Sunan ɗan wasa da na kulob ki bar su a alli ko a takarda, kada su hau bango da fenti. Messi ya bar Barcelona a 2021, ya bar Faris a 2023 ya tafi Amurka. Ronaldo ya koma Saudiyya. Mbappé ya koma Real Madrid a 2024. Yaro kan bi gwaninsa duk inda ya je, launin da yake rantsuwa da shi bana baɗi ba zai so ganinsa ba. Wani abin kuma da ya sa ni kaina ban yi baƙin cikin tafiyar hotunan nan sosai ba: rigunan kulob da yawa na Turai suna ɗauke da tambarin kamfanonin caca a ƙirji. Abin ya kai har kulob-kulob na babbar gasar Ingila suka amince a 2023 cewa za su cire irin wannan talla daga gaban riga bayan kakar 2025 zuwa 2026. In su da kansu sun ga illarsa, ba dalilin da zai sa yaro ɗan shekara goma ya buɗe ido kowace safiya a kan sunan gidan caca. In za ki saya masa riga a Kasuwar Dole ko wajen 'yan gwanjo, ki karanta abin da ke rubuce a gabanta, in ba ki gane ba ki tambaya. Samarin da ke cika shagunan caca a garin nan daga son ƙwallo yawancinsu suka fara.

Sai gado. Ko da ba zancen ado, yaran nan biyu dole su kwana cikin sange, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara gida-gida. Yara masu wannan shekaru kan ƙi shi, su ce zafi, su ture shi da ƙafa cikin dare. To ki mai da shi raga. A sa kafinta ya haɗa sanduna huɗu a tsaye da na gicciye a sama, ko a yi da farin bututun roba irin na famfo, a shafa fari in katako ne, a ɗaura farin sange a kai ya sauko a soke shi ƙarƙashin katifa. Duk wanda ya leƙo zai ga ragar gola. Ki ce masa shi ne mai tsaron gida, aikinsa kada sauro ko ɗaya ya shiga. Sabon sange mai magani a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana ciki, in an wanke ma a inuwa ake shanya shi, kuma ba a yawan wankewa. Doka ɗaya tun ranar farko: wannan raga ba a buga mata ƙwallo. Rami ɗaya ya ishi sauro.

Ban manta da ƙaramin ba, ko da yake wasiƙarki ta kusa mantawa da shi. Ɗakin na mutum biyu ne. In komai ya zama na wa, ƙanen zai tashi yana jin shi ɗan ci-rani ne a ɗakinsu, kuma shi ne zai fara kankare fentin da farce. Ki tambaye shi abin da yake so, shi kaɗai, ba a gaban wansa ba, don in wan na nan zai ce ƙwallo ko ba ita yake so ba. Yaran Damagaram da yawa kokowa ce a ransu, sun san filin Langa-Langa, sun ji ana ambaton Balla Harouna, lokacin gasa kuma kowa na manne da rediyo da talabijin. Tun 1975 da aka fara a Tawa ake gasar kokowa ta ƙasa, wadda zakaranta ke ɗaukar takobi. In can ya karkata, a yanka masa takobi na kwali mai kauri, a naɗe da takarda mai ƙyalli, dukawa su yi masa ɗan kube da ragowar fata, a rataye a saman shimfiɗarsa. In kuma ya ce mota yake so ko doki, to a ba shi kusurwarsa ya yi abinsa, ba dole ba ne komai na ɗakin ya tafi bai ɗaya. Kowa da shimfiɗarsa, kowa da ƙugiyar rataye jakarsa, kowa da sunansa a sama.

Game da bango, ki nemi izinin mai gidan kafin ki taɓa shi. In ya yarda, ki bar shi fari ko farar ƙasa, a ja layi uku kawai a tsayin ƙirjin yaro su zagaye ɗakin, ruwan lemo, fari da kore, launin tutarmu da na Mena, wanda ba ya canja kulob. Kada ki yarda a shafe ɗakin duka da kore mai duhu don a ce ciyawa. Ƙaramin ɗaki ne, duhun launi zai shanye ɗan hasken da ke shigowa, ranar da aka ɗauke wuta kuma a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba mai son zama ciki. Ki sayi fentin ruwa. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma, ita kuwa dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ba ta kuma nuna alama da wuri. Saboda haka in akwai tsohon fenti mai sheƙi da ke ɓarewa a ƙofa ko taga, kada a kankare shi yara na wurin, a share ɓarɓashin da jiƙaƙƙen tsumma. Bayan shafa a bar ƙofa da taga a buɗe kwanaki har warin ya fita kafin su koma. Yanzu da yake kwana a ƙofarki ma dama ce, a yi aikin a wannan tsakanin.

Kada ki cika ɗakin da tutoci da ƙyallaye. Kin san ƙurar hunturu a garin nan, mako guda ta mai da farin ƙyalle ja, ga ruwan wanki da ba kullum ake samunsa a sauƙaƙe ba, yaro mai tari ko asma kuma shi zai sha wahala. Riga ɗaya a rataye ta isa. Tsohuwar da ta yi masa kaɗan kuwa ki kai wa tela ya mai da ita rigar matashi, lambar tana tsakiya. Ƙwallon kanta a ba ta kwando a bayan ƙofa, a tsakar gida ko waje ake buga ta, saboda fanka da ƙwan fitila. Takalman wasa su kwana a waje. Duk ƙusar da za a kafa ta wuce tsayin idon ƙaramin.

Akwai kuma abin da ban so adon ya rufe miki ido a kansa. Yaron da shekara goma yana jin numfashin uwarsa a kusa, aka kai shi ɗakin da jiya-jiya tarkace ne a ciki, yana iya zama tsoro ne ke dawo da shi ƙofarki, fushin hotuna ya zama abin fakewa, don namiji ɗan shekara goma ba zai ce yana tsoron duhu ba a gaban ƙanensa. Daga cikin kuɗin nan ki fara cire na ƙaramar fitila mai cajin rana, a ajiye ta inda hannunsa zai kai. A toshe ramukan ɓera da duk inda kunama za ta iya maƙalewa, a sa wa taga raga. Makon farko ki zauna da su bayan isha, ku yi addu'ar barci tare, ki bar ƙofarki a ɗan buɗe. In ya dawo cikin dare kada ki yi faɗa, kada kuma ki buɗe masa shimfiɗa, ki riƙe hannunsa ki mayar da shi. Bayan fitila sai sange da sandunansa, sannan katako da fenti. In kuɗin sun ƙare a nan, layukan bango su jira wani kwasan adashin.

In kuwa kin yi duk wannan bayani maigida ya ce ko filin katakon ba ya so, to matsalar ta wuce hoto, sai ki tambaye shi a hankali me yake tsoro. Sau da yawa uba na ganin ƙwallo na janye yaro daga karatun allo da na lakol, ko yana ganinsa a gidan kallo har dare tare da waɗanda suka girme shi. Wannan tsoro ne na gaskiya, kuma ana yi masa magani da sharaɗi: filin zai sauko daga bango bayan an dawo daga makaranta an yi aikin gida, zai koma ƙugiyarsa da kiran magariba, gidan kallo kuma sai da babba na gida. Ki bar uban ya faɗi sharuɗɗan da bakinsa, yaron ya amsa da nasa. In abin ya ƙi, ki nemi wanda maigida ke jin nauyinsa, wansa ko malaminsa, ya sa baki, amma kada ki kai ƙara wajen danginki a kan wannan. Ki rubuto mini in ji yadda kuka ƙare da shi, da abin da ƙaramin ya zaɓa.